Babana Ya Ƙi Rabuwa Da Masara Mai Hunhuna

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya ƙulle.

Mijina ya rasu, na dawo gidanmu nan Gaya ta bakin iyakar Benin da ɗana ƙarami. Babana hatsi yake sayarwa. Tun da sojoji suka hau mulki aka rufe gadar kan iyaka, masarar Benin a kwalekwale take ƙetarowa, wani buhun kafin ya iso gaɓa ya sha ruwa. Baba sai ya baje tabarma ya tsince, mai kyau ya sayar ko ya fitar sadaka, wai ba a cutar mai saye kuma ba a ba Allah ragowa. Wadda ta yi hunhuna kore-kore kuwa, ita ce rabonmu na gida. A wanke, a shanya, a niƙa, tuwo da koko duk da ita.

Bana ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ragu. Muka kai shi Yamai aka yi analiz, wato gwaje-gwajen asibiti, likita ya ce ƙoda ce, har yana maganar diyaliz, wankin ƙoda ke nan. Da na faɗa masa abin da muke ci sai ya riƙe baki, ya ce ba zai rantse ita ce ba, amma dafin hunhuna yana cin ƙoda da hanta, wanki da wuta ba sa kashe shi.

Na gaya wa Baba cikin ladabi, ai kuwa kamar na zage shi! Wai wanda ya ga yunwa da idonsa ba ya zubar da hatsi, ciwo na Allah ne, boko ya lalata ni. Inna ta ce in ja bakina, a gidansa nake.

To ni duk ba wannan ba. Kullum safe Baba yana kiran ɗana su sha koko kwano ɗaya, tun da ya kwanta ba shi da wani farin ciki sai wannan. Ranar da na janye yaron, tsohon nan hawaye ya yi, ya ce ashe yanzu shi guba ne. Na kasa, na mayar masa da shi.

Ba ni da inda za ni, ba ni da ƙarfin raba tukunya. Tsoro nake ji jama'a. Gobe in ya kira shi, in riƙe hannun ɗana ko in sake shi?