Wa Ke Auna Mudu?

Litinin, 12 ga Afrilu, 1999

Ranar ɗibar jinina. Shekari, abokin aikina, ya ɗaure mini dantse, suka ɗaya ya samu, ya ce jijiyata ta fi direbobin bas ɗin Sabon Tasha sanin hanya. Shekara ta huɗu ke nan, kowane wata.

A lab ɗinmu, ɗakin binciken garkuwar jiki, ba a gwada jinin marar lafiya shi kaɗai. Sai an ɗiga na mai lafiya a ramin farko na farantin gwaji, shi ya tsaya fari tas, sannan a ga yadda sauran ramukan suka yi rawaya a san mai cuta. Nawa ake ɗigawa. Farfesa Lawal, shugabanmu, shi ya fara ce mini Mudu, wai da ni ake auna kowa. Ko masu shara yanzu ba su san sunana Juliana ba. Ba na ɓoyewa, ina jin daɗin sunan. Tun da na zo Kakuri ban taɓa kwanciya ciwo ba.

Kowa da mutanensa: Farfesa da yaransa masu zazzaɓin cizon sauro, Shekari da ƙyanda da rigakafinta, ni da matana masu ciki na Unguwar Mu'azu, waɗanda digirina na uku ya rataya a kansu. Sai sabon zuwa, Dakta Obiora. Ɗan makanike ne a nan Kakuri, ya daɗe a ƙasar waje, ya dawo da ya ji sojoji za su sauka daga mulki. Shi cututtukan da garkuwar jiki ke juyawa kan mai ita yake nema. Ya roƙi kwalba ɗaya ta jinina kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta. Na ba shi.

Alhamis, 22 ga Afrilu

Farantin Obiora na farko ya lalace. Ramin mudu ya yi rawaya kamar an zuba masa ɗorawa. Ya tsaya yana kallonsa, ya ce ƙila ya haɗa ramuka, ya jefa a shara. Shekari ya ce masa barka da dawowa gida.

Laraba, 28 ga Afrilu

Ya sake, ya sake fitowa rawaya. Mun ce ruwan ne, an tace sabo. Mun ce wutar da aka ɗauke ranar Asabar ta ɓata masa sinadarai, ya zubar da rabin abin da ya ɗauko tun daga waje. Na ji tausayinsa kaɗan. Kaɗan fa. Mutum ya zo da kwat da jaka yana ganin zai koya mana aiki.

Lahadi, 2 ga Mayu

Ban yi waƙa a kwayar coci ba yau, gajiya. Yatsuna da safe sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su lanƙwasu. Wanki ne, da riƙon ƙarfen bas.

Ƙanwata Becky tana yi mini kitso ta nuna mini abin da ya maƙale a mataji. "Yaya, wannan ai ya isa a yi wa wata kitso." Na ce man da ta sayo mini a kasuwa ne, na jabu. Ta dunƙule gashin ta kai waje. Shirun Becky ya fi maganarta ban haushi.

Juma'a, 7 ga Mayu

Har yanzu raina a ɓace yake, bari in rubuta ko zan huce.

Taron lab. Obiora ya kawo faranti na biyar. Wannan karon ya ɗiga jininsa da na Shekari kusa da nawa, ba tare da ya gaya mini ba. Nasu fari. Nawa rawaya. Ya ajiye shi a tsakiyar tebur kamar kwanon abinci, bai kalle ni ba, ya ce, "Farfesa, ruwa lafiya, sinadari lafiya. Mun tuhumi kowa ban da mudu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na wani. Na ce shekara huɗu lab ɗin nan na tsaye a kan jinina, takardu nawa aka buga da shi, sai yau wanda ko wata uku bai yi da mu ba zai ce mudu ya karkace don hannunsa ya kasa? Na faɗi wasu abubuwan ma, har da kwat ɗinsa.

Ya ce, "Sista Juli, ba faɗa nake nema ba. Ki je a duba ki."

A duba ni! Ni da nake duba mutane.

Farfesa na juya zobensa har kowa ya gama. Sannan ya ce ruwa ba ya tsami banza, a tashi.

Abin da ban faɗa a taron ba: in jinina ba daidai yake ba, duk matan Unguwar Mu'azu da na auna da shi fa? Aikin shekara biyu. Ba zan yarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ɗakina ba ya yoyo.

Litinin, 10 ga Mayu

Ranar ɗiba. Na naɗe hannun riga na zauna. Shekari ya ce Farfesa ya ce a dakata wannan watan. Na ce ba ni allurar in ɗiba da kaina. Na kasa ɗaure igiyar, yatsun sun ƙi. Ya juya yana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Alhamis, 13 ga Mayu

Ban gaida Obiora ba. Shi ya gaishe ni sau biyu.

Alhamis, 20 ga Mayu

Asibitin mata, Unguwar Mu'azu. Ɗakin ya cika, muka kafa tebur a waje, rana a kaina tun safe har azahar. Mata sun zo sosai, na ji daɗi. Nan ne kaɗai yanzu ba wanda ke kallona ta gefen ido.

Sai wata mai cikin wata bakwai, ina ɗaure mata dantse, ta leƙo fuskata ta ce, "Malama, me ya ƙona ki a kumatu? Har kan hanci." Na ce zafi ne. Ta ce, "To Allah ya sawwaƙe, ki riƙa shiga inuwa." Ga shi an koma mai ciki ke ba ni shawara.

A bas na duba a madubin jakata. Ja ne, gefe da gefe, ya haɗe a karan hanci. Na san hoton nan, yana cikin littafin da muka yi jarrabawa da shi. Littafi dai ba a zafin Kaduna aka rubuta shi ba. Na shafa hoda.

Talata, 25 ga Mayu

Farfesa ya kira ni ofis. Na shiga da shirin faɗa, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, sai faɗan ya rasa inda zai tsaya.

Ya ce, "'Yata, laifin nawa ne. Ko a kasuwa akan kawo mudu a gwada shi da wani mudun. Ni na bar mutum ɗaya ya ɗauki lab shekara huɗu don ya fi mana sauƙi."

Na ce, ranka ya daɗe, ban yi ƙorafi ba, kuma lafiyata lau. Ya ce ba aikin yake ji ba, aiki ana sakewa. Ya rubuta sunan wata likita ya turo mini. Na bar takardar a kan teburinsa na fito.

Zan nuna musu da hannuna. Jinina na kowane wata yana firiza, tun daga farko, ba a taɓa zubarwa ba. Zan gwada su duka a faranti ɗaya, da sinadaran Obiora, a gaban Allah. In duk suka yi rawaya, har na shekarun da kowa ya shaida fari ne, to gwajinsa ne banza, ya tattara ya ba mu wuri.

Asabar, 29 ga Mayu

Yau sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Gari duk yana gaban talabijin, Becky ta tafi gidan maƙwabta tun da safe da kujerarta. Titi fayau, bas ɗaya na samu har Kakuri. Mai gadi ya ba ni makulli kunnensa na manne da rediyo, ko tambayata bai yi ba.

Na fito da kwalaben na jera su a kan benci, wata bayan wata, duk da rubutun hannuna. Na ɗiga su a jere. Danna fifet, abin ɗiga jinin, ya ba ni wuya, sai da na haɗa da babban yatsan hagu, amma ban kuskure rami ko ɗaya ba. Ba wanda zai ce hannuna ne. Na wanke faranti yadda nake koya wa ɗalibai, na sa sinadarin ƙarshe, na rufe, na zauna.

Daga ɗakin mai gadi ina jin badujala da tafi. Na tuna barkwancin Shekari, wai sojojin ƙasa sun koma bariki, saura sojojin jinin marasa lafiyar Obiora, su ba su da ranar miƙa mulki, ƙasarsu suke harbi. Ranar da ya faɗa na yi dariya har da riƙe ciki.

Na buɗe.

Shekarar farko fari. Ta biyu fari. Ta uku fari tas, har zuciyata ta fara cewa to ai ga shi, kafin in tuna ba haka nake so ya fito ba. Gwajin yana aiki ke nan. Daga Oktoban bara wani ɗan launi ya fara, kamar ruwan da aka wanke kofin shayi. Nuwamba ya ɗara. Janairu. Maris. Na Afrilu, wanda Shekari ya yaba wa jijiyata, ya fi wasu daga marasa lafiyar Obiora rawaya.

Oktoba ne na fara jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Ban gaya wa kowa watan ba, faranti ya sani.

Na so in jefa shi a shara. Ba wanda ya san na zo sai mai gadi, shi ma labarin ƙasa yake saurare. Na riƙe shi a kan kwandon har hannuna ya gaji. Amma faranti ne mai kyau, tun da nake ban taɓa yin mai tsabtarsa ba, ko ɗigo bai tsallaka ba. Ba zan zubar da aiki mai kyau don ya ɓata mini rai ba. Na naɗe shi na sa a firij, a ɓangaren Obiora.

Na ji tsoro. Na rubuta, ga shi nan. A hanya mutane na ta yi wa juna barka.

Lahadi, 30 ga Mayu

Na je coci da hoda. Fasto ya yi addu'a wa sabuwar gwamnati, na ce amin da ƙarfi.

Laraba, 2 ga Yuni

Obiora ya gani. Ina jira ya zo da fuskar na-faɗa-miki in samu abin kamawa. Sai ya tsaya bakin bencina ya ce, "Wa ya koya miki wanke faranti haka? Ki koya mini." Daga baya, ƙasa-ƙasa, ya ce cutar lufus ake zargi, irin wadda garkuwar jiki ke juyawa kan mai ita, ana rayuwa da ita in an kama da wuri, ƙoda ce abin tsaro. Na ce na karanta littafin da ya karanta. Ya ce ya sani.

Farfesa ya ce matan da na auna kafin Oktoba suna nan daram, na bayan nan za a sake, jininsu yana firiza. Wata shida na aiki. Shekari ya ce zai taya ni. Na ce ban nemi taimako ba.

Talata, 8 ga Yuni

Na je wurin likitar da Farfesa ya rubuta mini sunanta, don kawai Becky ta daina tsayawa a ƙofar ɗakina da ido jawur. Ta duba, ta ɗibi jini da fitsari, ta ba ni ƙwayoyi. Ta ce ƙoda da sauƙi tukuna. Ta ce in guji rana kamar yadda nake gudun bashi, rana ce ke tayar da shi. Na ce mata aikina a rana yake, matana a waje suke layi, ba zan fasa ba. Ta ce ita ba ta ce in fasa ba.

Litinin, 14 ga Yuni

Ranar ɗiba. Sabon tsari: mutum biyar ake haɗa jininsu ya zama mudu, kuma kowa sai an gwada shi tukuna. Ni na tsara, tun da ba wanda ya fi ni sanin inda abin ke yoyo. Ni na ɗibi na Shekari. Namiji har namiji, ya rufe ido yana kiran sunan mamarsa. Suka biyu na yi, yatsun ne.

Da na gama na naɗe hannun rigata na miƙa masa, don dai watan kada ya wuce da giɓi a jerin. Ya tambaye ni a ina za a ajiye. Na ce ya kai wa Obiora, yana ƙarancin samfur, kuma ba zai samu wani mai tarihin shekara huɗu a firiza ba ko ya zaga ƙasar nan. Taimakonsa na yi.

Mai shara ta ce, "Sannu Mudu." Na amsa. Farfesa ya ce, "Sannu Juliana." Shi ma na amsa.

Na sayi laima a bakin tasha, baƙa, babba. Damina ce, kowa yana da laima. Yau ko gajimare babu, amma tun da na riga na saya, na buɗe ta daga tasha har gida.