Gidaje Bakwai a Gindin Bishiya Ɗaya

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, Baban yarana, ina gargaɗinka tun kafin ka wuce layin farko. Kada ka karanta takardar nan a tsaye a jikin mota, direba yana leƙo ta kafaɗarka. Kada kuma ka ninke ta ka cusa a jaka ka ce sai an tashi aiki. Ka samu wuri ka zauna, ka miƙe ƙafar nan da kake ɓoye mini ciwonta, ka karanta har ƙarshe. Akwai zuma a cikinta, akwai kuma maɗaci, kuma hannu ɗaya ne ya zuba su.

Mako uku ke nan da kuka tafi aikin ƙirgar gidaje, kuma gidan nan ya zama kamar rijiyar da ruwanta ya ja baya. Kujerarka tana nan a bakin taga, na hana kowa hawanta. Wa zai gaya wa zuciyata ta daina zabura duk lokacin da mota ta rage gudu a bakin layi? Kai ne ruwan farko a kan busasshiyar ƙasata, kai ne iskar da ke biyo bayansa!

Ka tuna ranar da na fara ganinka? Ka zo gidanmu da wata na'ura mai kama da ƙaramin rediyo, wadda ke nuna inda gida yake a taswira. Ka tambayi mahaifina mutum nawa ke kwana a gidan, ina muke ɗebo ruwa, sannan ka fita ƙofar gida, ka tsaya cikin rana, ka ɗaga na'urar sama. Mahaifiyata ta aiko ni da kofin ruwa, wai in ce wa bawan Allahn nan ya shigo inuwa kafin kansa ya dahu. Ka ce a yi mata godiya, amma rufin kwano yana tare na'urar, kuma ba za ka rubuta lambobin wurin ba sai kuskurenta ya sauko ƙasa da mita biyar. Ƙannena suna ta dariya, wai ga mai gaisawa da taurari da rana tsaka. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya da kofi a hannu ina kallon gumi yana ɗiga daga haɓarka, na ce a raina: mutumin da ba zai yi wa gidan baƙo ƙaryar taku biyar ba, ba zai yi wa mace ƙarya ba. A kan wannan na aure ka, ba don kyau ba, ko da yake Allah bai rage ka da shi ba.

To, yanzu saurara.

Ranar Litinin ofis ya dawo da 'yarmu 'Yar Baba gida, ta baro ku a can. Yarinyar da ta shiga aikin nan don tana son ta zama irinka, ta shigo ba sallamar kirki, ta ƙi abinci kwana biyu. Da na matsa mata, ta fito da taswirar da shugabarku ta buga mata. Kowane gida da ɗigonsa a inda yake, sai gidaje bakwai na kan tudu: ɗigonsu bakwai sun hau kan juna a wuri guda, a gindin bishiyar da kuke ajiye mota. Kuma duk bakwai ɗin da lambar aikinta suka shiga.

Na haife ta, na san ƙaryarta tun ba ta iya ba. Sai da na rufe ƙofa na zaunar da ita sannan ta faɗa. Gwiwarka ta kumbura, tudun ya gagare ka. Ka aika aka kira maka masu gidajen suka sauko, ka yi musu tambayoyi a inuwa. Cajin kwamfutarka ya ƙare, ta ba ka tata mai ɗauke da lambar aikinta, ta wuce auna yara a wata unguwa. Kai kuma ka danna wurin kowane gida kana zaune a kan tabarma. Shugabarku ta ba ta zuwa Alhamis ta yi bayani, in ba haka ba a cire sunanta, kuma babu wata tawaga da za ta sake ɗaukarta. Ka san abin da ta ce mini? "Mama, ai gara ni. Ni yarinya ce, zan sami wani aikin. Shi in suka cire shi da furfurar nan, ina zai je?"

Kuma kana nan lokacin da aka kira ta. Kana nan, ka yi shiru!

Ya sanyin raina, me ya same ka? Ciwon gwiwa ba abin kunya ba ne, tsufa ba sata ba ne. Da ka ce ba za ka iya hawa ba, wa zai kashe ka? Bayan wata shida masu auna yara za su koma neman gidajen nan bakwai, su bi lambobinka, su tarar da bishiya. Bishiya za su ɗora a kan sikeli? Yaran da ke can sama ba 'ya'yan mutane ba ne? Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi ciwo: ka koya wa 'yarka cewa so shi ne a ɗauki laifin wani a haɗiye. Ni ban tarbiyyantar da ita a kan haka ba, kai ma ba haka na same ka ba.

Ina roƙonka da girman shekarun da muka yi, da daren da ka goya ta kana zagaya tsakar gida tana zazzaɓi: gobe, kafin mota ta tashi, ka je wurin shugabarku ka faɗa da bakinka. Ba a waya ba, ba ta bakin direba ba. Ka roƙa a bar ka ka hau tudun, ko da sanda, ko da hutawa goma, ka tsaya a ƙofar kowane gida ka ɗauki wurinsa na gaskiya. In sun yafe, alhamdulillahi. In sun sallame ka, ka dawo mini. Zan gasa maka gwiwar da ruwan zafi safe da yamma, kuma duk wanda ya buɗe baki a kanka a layin nan, da ni zai yi. Na fi son ka dawo da ɗingishi da hannu wofi, da ka dawo da albashi idon 'yarka yana kauce wa naka.

Ni taka ce, jiya da yau da ranar da za a rufe ɗayanmu. Ko fushin nan da nake yi, naka ne kai kaɗai, ban taɓa yi wa wani namiji irinsa ba.

Na tara yaran yau da safe na gaya musu, kai ma ga shi a rubuce don kada ka ce ba ka ji ba. Daga yau a gidan nan babu mai yin aiki da lambar wani, ko sa hannu da sunan wani, ko da uba ne da 'yarsa. Wanda kuma ya yi kuskure, shi zai faɗa da bakinsa kafin ya sa hannu a kwanon abincina. Dokar ta hau kan kowa, kuma da kai za a fara.