Barradar Baba Abdulƙadir

Jidda

Goggo Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ya zafin Makka?

Na ji mai gidan da shagonki na unguwar Kudai yake ya ce tsohuwar barradar nan ta ƙofa, mai sanyaya ruwan sha, tana zafafa wayoyin wuta, ko ki cire ta kafin Ramadan ko ki tashi. Goggo, ki cire ta. Kamfaninmu yana da sababbi masu aiki da hasken rana. Gaskiya na gaji da 'yan kasuwa. Duniya tana ƙara zafi, amma duk wanda na yi wa maganar canji sai ya ce na kakansa ya fi. Ban so in sa ki cikinsu ba.

Ɗanki,
Hisham

Kudai

Hisham,

Wa'alaikumus salam. Zafi alhamdu lillah, ya fi na bara, ba sai injiniya ya gaya mini ba.

Wato na shiga sahun masu taurin kai? Ya waladi, ɗana, ni da na yi maka wanka a baho! Mu 'yan kasuwa ba ƙin sabon abu muke ba. Wa ya riga ni karɓar kuɗi da kati a layin nan? Ku ne ba ku tambaya, kuna zuwa da amsa a aljihu.

Barradar nan mijina Abdulƙadir ya kafa ta sabil, wato ruwan sadaka, direbobin bas da alhazai su sha kyauta. Shekarar da ya rasu ya ce mini, “Rumasa'u, kada ruwan nan ya yanke.” Idan na jefar da ita na sa taku, ladan wa zai zama? Tsoro nake ji in yanke masa sadakarsa da hannuna. Wallahi gara in bar shagon. Halas, magana ta ƙare.

Allah ya yi maka albarka duk da bakinka.

Goggonka

Jidda

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na ji kunya ƙwarai.

Jumma'a zan zo. Jikin barradar da famfunanta da kofin da Baba Abdulƙadir ya ɗaure da sarƙa duk za su zauna yadda suke. Injin ciki kawai zan canza, in ɗora faifan hasken rana a kan rufi. Mai gidan ya yarda.

Ɗanki,
Hisham

Kudai

Hisham ɗan albarka,

Salam. Na gode, na gode. Wayoyi sun huce, mai gida ya daina zuwa yana shinshina bango. Sami mai gidan abincin kusa da ni, wanda ya rantse faifan nan kayan yaudara ne, ya aiko a karɓa masa lambarka. Ka tambaye shi tukuna kafin ka fara wa'azi.

Jiya da azahar wani direba ɗan Chadi ya tsaya ya sha kofi biyu. Ya goge baki ya ce, “Allah ya jiƙan mai sabil ɗin nan.” Bai san an taɓa komai ba. Na shiga bayan kantar shago na yi kukana.

Ka zo buɗe-baki ranar farko.

Goggonka,
Rumasa'u