Ƙarar Gudumata Ta Hana 'Yar Ƙanwata Sakat

Anti mai shawara, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗaure. Ni kafinta ne, shagona a ƙofar gida yake. Bara yaƙi ya ci garin da ƙanwata ke aure. Ita da mijinta ba wanda ya tsira, aka kawo mini 'yarsu mai shekara bakwai, muna ce mata Auta. Yarinyar da a da baki kamar aku, yanzu sai ido. Cokali ma suɓuce mata yake yi. Da na buga guduma sai ta shige ƙarƙashin gado, ta jiƙa kayanta. Na koma aiki kamar ɓarawo, ina naɗa wa guduma tsumma.

A asibiti aka haɗa mu da wata jami'a mai koya wa irin waɗannan yara ayyukan yau da kullum. Ba allura, ba ƙwaya, sai kwaɓa yumɓu da zira duwatsu a zare. Mahaifiyata ta ce in wasan ƙasa ne, ai akwai ƙasa a tsakar gida. Gaskiya dai yanzu Auta tana ci da kanta. Amma ranar da ta gina ɗaki da yumɓu ta murƙushe shi, wuni ta yi tana kuka. Ga shi jami'ar ta ce in riƙa shiga da ita shago, ta fara da goge katako, wata rana ta riƙe gudumar. Anya ba fama mata ciwo za mu yi ba? In kuma na daina kai ta, me zan ce wa ƙanwata gobe ƙiyama?

Kawun Auta

Kawu, Allah ya jiƙan mamatan, ya saka maka. Tsoronka na kan hanya, kakar ma tausayin jikarta ne ke magana. Amma kada ka daina. Wasan nan shi ne maganin, don yaron da ya ga tashin hankali, sau da yawa hannunsa kan riga bakinsa warwarewa.

Ka gaya wa jami'ar zancen kukan, ita za ta san ko a sassauta. Shago kuwa, ku fara ranar da babu bugu, ƙofa a buɗe, da Auta ta nemi fita a bar ta. Ƙarar da yaro ya yi da hannunsa daban take da wadda ta auko masa. Kafin ka buga guduma, ka riƙa sanar da ita. Ka tafi da kakar asibitin, gani ya kori ji.

Kai ma ka riƙa samun hutu, Kawu, don da kai yarinyar ta dogara. Allah ya ba Auta lafiya, ya dawo muku da surutunta.