Ƙahon Awon Albarushi

Daga Gure, ranar da na fita takaba.

Zuwa ga maigidana, Baban Amsatu, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Bayan sallama da gaisuwar girmamawa, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci. Yau wata huɗu da kwana goma suka cika, na yi wanka na sake tufafi. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma ɗan ajamin da na koya a allo bai taɓa yi mini rana ba sai yau, don akwai magana a bakina da na kasa haɗiyewa. Na karya alkawarin da na yi maka. Ka saurare ni tukuna kafin ka ɓata rai.

Bindigarka tana nan lafiya, Mai-hannu, kamar yadda mutanen gari suka sa mata suna saboda marikin nan na ƙarƙashinta, wanda in ka ja shi ƙasa ka mayar sai ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Tun ran da Nasaran da ka yi wa jagora a cikin rairayi ya bar maka ita, da awartakinta, da mazubin dalma, da takardar izini daga bariki, ba ta da ta biyu a ƙasar nan. Harsashinta kuwa ba a sayar da shi ko a Damagaram. Kwanso ashirin da uku ya bar maka, su ka yi ta sake cikawa shekara da shekaru. Na tuna ranar da ɗaya ya faɗa cikin yashi, ka wuni kana tankaɗe tudu da rariyata. Da na yi magana ka ce, “Rariya akwai a kasuwa, Zara. Wannan fa?”

Da ciwon nan ya kama ka, hannunka ya fara rawa, albarushi ya riƙa zubewa a tabarma. Ranar ka daɗe kana kallon yatsunka. Sannan ka ce in tura ƙyaure in zauna kusa da kai.

Kai ka koya mini wanke kwanso da ruwan tsamiya har tagullar ta yi haske, in shanya a inuwa. Ka koya mini narka dalma, da shafa mata kitsen rago da kakin zuma, da sa ’yar hular nan mai tayar da wuta a gindin kwanso a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Sai ƙahon barewar da ka yanke da kanka don awon baƙin albarushi. A cika shi, a shafe bakinsa da tsinke, ba tozo ba rami. Na farko da na yi dalmarsa ta karkace, ka juya shi ka ce, “Wannan ko bangon masallaci aka sa shi gaba sai ya kuskure.” Na yi fushi na ƙi ba ka fura. Na goma kuwa ka duba ka sake dubawa, ka jefa shi aljihu. Na san abin da hakan yake nufi.

Shekara bakwai ni ke cika maka. Shekarar da fara ta cinye gero, da harsashin hannuna ka yi ta kawo barewa, unguwa ta ci. A kasuwa ana cewa ba mai hannun Baban Amsatu wajen haɗa harsashi, kai kuma ka gyara rawani ka amsa gaisuwa. Ka ce kada in faɗa wa kowa, don maharba za su yi maka dariya. Na ce to. Wallahi ban taɓa jin zafin haka ba. In na ji ƙarar bindigar daga nesa, ina daka, ni kaɗai na san abin da nake yi wa murmushi.

Abu ɗaya ka yi ta nanata mini. Ka ce akwai wani albarushi na Nasara marar hayaƙi, ƙwayarsa ƙanana, ƙarfinsa ya fi na baƙin nesa ba kusa ba. Ka ga wani soji da ya auna shi da ma’aunin baƙi, ya koma garinsu da yatsa biyu da ido ɗaya. “In kin gan shi, ki ɓoye ƙahona,” haka ka ce.

To, na gan shi.

Bayan sadakar arba’in bindiga ta koma hannun ƙanenka Bukar, aka juya takarda da sunansa. Ba a daɗe ba makiyayan Gamu suka aiko, kuraye sun hana su sakat, suna kwashe musu maruƙa. Harsashi biyu kaɗai suka rage cikakku. Sai ga Bukar da gwangwanin da ya samo wurin wani falke, yana murna, wai wannan ba ya baƙanta bindiga. Ya tsaya a bayan zana, da shi da Modu maƙeri da dattawa biyu, ya ce in miƙo kayan aikin Yaya. Na ce ya zuba mini kaɗan in gani. Da ya zuba a tafin hannuna sai na ga ƙwayarsa ƙanana, irin wanda ka gargaɗe ni a kai.

Na miƙa awartaki da mazubi. Ƙahon na ƙulle shi a bakin zanena.

Ya ce, “Yaya Zara, ina ƙaho?” Na ce ba zan bayar ba, in ya cika shi da wannan abin bindiga za ta fashe masa a fuska. Ka san Bukar da baki. Ya yi dariya ya ce, “Ikon Allah! Yau mai kaɗa miya ke koya mini albarushi? Yaji ne da za ki ce ya yi yawa?” Dattawan ma suka dara.

Na tsaya ina tunanin alkawarinka, ina kuma tunanin fuskar Bukar, wadda ta fi ta kowa kama da taka. In na yi shiru, zai yanka wani ƙahon kafin la’asar. Sai na ɗaga murya, ni mai takaba, na ce, “Harsashi biyun da ke aljihunka, wa ya cika su? Shekara bakwai hannun yayanka bai taɓa ƙahon nan ba. Ni ce.”

Modu ne ya fara magana. Ya ce dama ya daɗe yana mamakin yadda mutumin da ba ya iya riƙe ƙwaryar fura yake zuba dalma sumul haka. Ya ce yana da wata tsohuwar bindiga adaka da ba ta da sauran amfani, a gwada a kanta. Suka tafi bayan garkarmu ta kwari, suka ɗura mata albarushin gwangwanin daidai yadda ake ɗura baƙi, suka ɗaure ta a jikin goruba, suka ja kunamarta da igiya daga bayan tudu.

Ban gani ba, ina ɗaki. Amma na ji. Kaji suka watse, jakin maƙwabta ya tsinke igiya.

Can sai ga Bukar ya turo mini ƙarfen adakar ta ƙarƙashin zana, ya tsage kamar karan dawa. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, “Yaya Zara, kwana nawa za ki ɗauka?” Na ce biyu, ya nemo baƙin albarushi wurin Modu. Ya jira. Ya tafi Gamu da goma sha biyu, ya dawo da takwas cikakku da kwanso huɗu a ƙulle cikin tsumma, ko ɗaya bai ɓatar ba. Maruƙa sun huta. Makiyayan suka aiko da ƙwaryar man shanu, suka ce a kai wa matar da ta cika harsashi.

Ba wanda ya yi maka dariya, Baban Amsatu. Na saurara sosai. Modu cewa ya yi, duk maharbin da ya koyar da hannu irin wannan ya cika gwani.

Ka yafe mini. Na san da kana nan, kai ma da idon Bukar ka zaɓa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa hannun nan naka ya daina rawa a can. Ya haɗa mu a inda ba ciwo ba rabuwa. Amin.

Ƙahon yana wuyana, na sa masa zare. Kwanso har yanzu ashirin da uku ne.

Ni ce taka,
Zara, uwar Amsatu.