Igiyar Lilon Bana

Alhamis, 26 ga Satumba

Yau na koya wa 'yan aji tara dokar Newton ta farko: abin da ke zaune zai ci gaba da zamansa sai wani ƙarfi ya taɓa shi, mai tafiya kuma ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Na mirgina lemo a kan tebur, ya ɗan yi gaba ya tsaya. Na ce me ya tsayar da shi? Pabitra ta ce, "Gajiya ya yi, Malama." Na ce gogayya ce tsakaninsa da katako. Sun rubuta, amma amsar Pabitra suka fi yarda da ita.

Na tarar da Baba a kujerarsa ta baranda, inda na bar shi da safe. Tun farkon damina da ya zame a gonar shinkafa ya karya ƙugu yake nan. Ƙashi ya haɗu. Likitan da ya duba shi a birnin Pokhara ya ce in bai fara takawa kafin sanyi ya shigo ba, ƙafar za ta sandare, shi ke nan. Baba ya ce likitan yaro ne.

Asabar, 28 ga Satumba

Na yi wa Baba dogon bayani a kan jijiya da tsoka, har da zane. Ya saurara sarai, sannan ya kira ni da sunan da ake kiran 'ya ta biyu a gida, ya ce, "Maili, da na san abin da jami'a za ta mayar da ke ke nan, da akuyoyi na saya."

Gwaggo Bishnumaya tana da tata dabarar. Ta ajiye masa shayi can ƙarshen baranda. Ya zuba masa ido har ya huce. Ita ta ɗumama ta kawo masa.

Talata, 1 ga Oktoba

An ba da hutun Dashain, babban bikinmu na shekara. Mun shafe bango da jar ƙasa, gida sai ƙamshin laka. Sama ta washe, duwatsu sun fito fes. Ba ni da wani ƙorafi yau.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Samari sun kafa lilon bikin a dandali, dogayen gora huɗu an haɗe kawunansu. Tun kafin a haife ni Baba ke tufka igiyarsa da ciyawar babiyo. Bana ba wanda ya tuntuɓe shi, wai suna tausayinsa. Igiyar roba suka sayo a kasuwa.

Na tsaya na duba. Santsi gare ta, kullin yana zamewa a jikin gora duk sa'ad da aka hau. Na faɗa a wajen cin abinci, ba da wata manufa ba. To, da 'yar manufa.

Baba ya tsaya da loma a hannu. "Roba?"

"Ruwan ɗorawa ma," in ji ni.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Baba bai yi magana da kowa ba yau. Ni ma ban tanka ba, kuma wannan ya fi zanen wuya.

Asabar, 5 ga Oktoba

Khadga, abokin Baba na ƙuruciya, ya leƙo. "Yi zamanka, tsoho. Yara sun ce zamanin ciyawa ya wuce, kai ma haka."

"Ɗan gidan wa ya faɗa?"

"Duk cikarsu. Har da jikana."

"Jikanka da ko ɗaurin wandonsa bai iya ba."

Kafin rana ta take, Baba ya sa an jibge ciyawa a tsakar gida. Ya fara tufka yana zaune. Sai dai igiyar lilo ba ta tufkuwa a zaune: ana ɗaure bakinta a ginshiƙi, mai tufka yana ja da baya tana ƙara tsawo. Da ta kai tsawon hannunsa ya dube ta, ya dube mu. Gwaggo ta duƙufa tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Sai ya miƙe. Da baya da baya, yana tsaki, har bakin garken awaki.

Ya ce in riƙe masa ɗaya silin. "Ja mana, Maili, ba alli ba ne."

Watanni muna tura shi gaba, ashe da baya zai fara.

Talata, 8 ga Oktoba

Samari sun zo ɗaukar igiya, ya hana. Wai ba zai ba marasa kunya su lalata masa kulli ba. Ya sauka dandali da sanda, yana hutawa a hanya yana cewa gonakin mutane yake dubawa. Ya dawo gumi sharkaf, ya ci shinkafa da wake kamar mai noma.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ranar tika, ranar da manya ke manna mana shinkafa a goshi suna sa albarka. Goshina ya yi nauyi da jar shinkafa, cikina da naman akuya.

Da yamma kowa ya sauka dandali, don a al'ada dole mutum ya hau lilo ya rabu da ƙasa ko sau ɗaya a shekara. Baba ya zauna a kan igiyarsa, ya ce in tura. Ban sa ƙarfi ba. Ɗan turi kaɗan daidai lokacin da lilon ya gama dawowa, haka nake koyarwa, haka kuma ya yi aiki. Ƙafafunsa suka bar ƙasa. Gwaggo ta rufe ido. Shi ko ya ce, "Ƙara."

Da ya sauko ya ce saura ni. Na ce na san yadda abin ke aiki, ba sai na hau ba. Rabona da lilo tun ina 'yar sakandare. Ya ce, "Kya ji da shi," ya kama hanyar gida, ko jirana bai yi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Baba ya tafi gidan Khadga, ba wanda ya aike shi. Gwaggo tana mita wai yanzu ba a san inda za a kai masa shayi ba.

Da sassafe na bi ta dandali don in duba ko kullin ya saki. Ba kowa. Kulli ba a gane ƙarfinsa sai an ɗora masa nauyi, wannan kowa ya sani. Don haka na hau. A can ƙarshen sama akwai ɗan lokacin da mutum ba ya gaba ba ya baya, cikinsa ya yi sakayau. Ina da lissafin wannan a littafi.

Kullin lafiya lau. Gobe ma zan duba.