Takwararki Ta Iso

Yaya Mairama,

Assalamu alaikum. Ina fatan Inna da yara da mutanen Kazage duk suna lafiya. Yaya kaka?

Albishirinki! Na sauka lafiya a nan Agege, gidan Gwaggo Raudatu. Jaririyar mace ce ɓul-ɓul, kuma sunanki ta ci.

Allah ya saka miki, Yaya. Kin san ba santsin rafi ya zubar mini da ciki biyu ba, dukan mijina Munzali ne. Da ba ki tsaya a ƙofarsa kin ce haihuwar fari sai a gaban iyaye ba, har kika sa ni a mota, da wannan ma ta bi su.

Kada ki damu, ina samun kulawa. Bayana ne kawai yake ɗan sarawa, kunnen hagun nan kuma har yanzu ba ya ji.

Ki aiko mini da kanwa da daddawa. In Munzali ya turo biko, ku ce ba zan koma ba.

A gefena na dama nake kwantar da takwararki, don kada kukanta ya wuce ni. Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Ƙanwarki,
Juwairiyya